Tsatsa a Ƙarƙashin Fenti: Nazarin Cinikin Wata Tsohuwar Marsandi a Kwarin Haɗeja

Asalin motar da mai neman saye

Motar Marsandi ce 280 SL ƙirar 1981, mai kujera biyu, irin wadda ake naɗe rufinta na tamfol a bar kanta a buɗe, tana kuma da rufin ƙarfe da ake ɗorawa a sauke. Kamfanin Mercedes-Benz ya ƙera wannan samfurin, wanda ake kira R107, daga 1971 zuwa 1989, guda dubu 237 da 'yan kai, kuma akasarinsu Amurka aka kai su. Ita 280 SL ta kasuwar Turai ce, mai fulogi shida a jere, lita 2.8. Lambar shasinta tana ɗauke da 107042, wato ba wani ne ya manna mata sunan ba.

Takardun da aka tarar a aljihun dashbod sun nuna ta yi shekara goma sha wani abu a Jamus kafin ta shigo ta Kwatano a tsakiyar shekarun 1990. Wani attajirin shinkafa da riɗi a wani ƙauye tsakanin Auyo da Haɗeja ya saye ta, yana hawa ranar Juma'a da ranar salla da ɗaurin aure. Da tsufa ya kama shi sai aka jingine ta a rumfar kwano kusa da wata babbar darbejiya, bayanta a cikin rumfa, hancinta a waje. Ta haura shekara goma a wurin. A daminar 2022, lokacin ambaliyar da ta ci garuruwa da yawa a Jigawa, ruwa ya shiga gidan, 'ya'yan suka ce ya kai rabin taya kafin ya janye. Bayan rasuwar maigidan, magada suka sa ta a kasuwa don a raba gado.

Mai neman saye ɗan kasuwa ne da ya ba shekara arba'in baya, yana sayar da injinan ban-ruwa ga manoman fadama. Tun yana yaro yake ganin motar tana wucewa, abin ya zauna masa a rai. Ya san inji daidai gwargwadon sana'arsa, amma bai taɓa sayen mota mai shekaru haka ba. Ya kuma shigo cinikin da maganar da kowa ke yi a nan, cewa motar Arewa ba ta tsatsa, sai ta Legas da Fatakwal da iskar teku ke kaɗawa.

Akwai abu ɗaya game da ƙirar motar da sauran labarin ya rataya a kansa. Ba ta da shasi daban da aka ɗora bodi a kai, irin na a-kori-kura ko tsohuwar Land Rover. Bodin kansa shi ne shasin. Tun da kuma ba ta da rufin dindindin, nauyin riƙe gaba da baya ya koma kan daɓen ƙasa, da dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen nan mai kogo da ke ƙarƙashin kowace ƙofa daga tayar gaba zuwa ta baya, da kuma katangar da ta raba inji da mazauni.

Disamba 2023: kallon farko

Dillali ya riga ya sa yara sun wanke ta, sun goge fentin har yana ɗaukar ido, an kuma fesa baƙin mai a ƙarƙashinta. Aka aro batir, aka jona fetur daga jarka, bayan 'yan gwaje-gwaje inji ya tashi. Wannan ƙarar ita ta gama da mai saye. Ya zagaya motar, ya ga fenti ya yi ƙuraje a wuri biyu, a bakin fendar baya ta hagu da ƙarƙashin fitilar gaba, kowanne bai wuce faɗin tafin hannun yaro ba. Ya leƙa ƙasa daga tsugune, ya ga baƙi sumul. Ya taɓa kafet, a bushe ƙayau. A ranar ya ba da kafin alƙalami, kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da aka sa mata, ba tare da wani sharaɗi ba.

Hunturu shi ne lokacin da ya fi kowanne rufa wa mota mai yoyo asiri. Wata uku ba a yi ruwa ba, iska ta tsotse duk wata laima, har warin ruma ya tafi. Motar da za ta yi tafki a Agusta, a Disamba ba abin da za ta nuna maka.

Janairu 2024: bakanike da mayen ƙarfe

Mai saye ya dawo da bakanikensa. Mutumin ya san aikinsa: ya saurari inji, ya duba fulogai, ya duba ruwan lagireto da man giya, ya ce ba matsala babba sai robobi da fayif-fayif na mai da suka bushe. Da aka tambaye shi bodi, sai ya buga fenda da bayan hannu ya ce, "Alhaji, ai wannan ƙarfen da ne, ba irin gwangwanin yanzu ba." Bodi ba fanninsa ba ne, kuma ba wanda ya lura da haka a lokacin.

Wani ya ba su shawarar mayen ƙarfe, don gano inda aka cike lotsawa ko rami da fila aka yi fenti a kai, tunda maye ba ya kama fila. Suka ciro na tsohuwar sifika. Sau biyu ya ruɗe su. Yana da ƙarfi ainun, saboda haka ya kama ko'ina, har inda daga baya aka tarar da fila mai kaurin kusan rabin santimita. A kan bonet kuma ya ƙi kamawa sam, har mai saye ya ɗauka duk bonet ɗin fila ne, alhali na alminiyam ne, kamar yadda kamfanin ya riƙa sa wa waɗannan motoci daga 1980. Sai da suka koma ga ƙaramin maye marar ƙarfi, suka naɗe shi a ƙyalle don kada ya kankare fenti, sannan ya fara magana: yana zamewa a bakin fendojin baya duka biyu da ƙasan ƙofar direba. Wato an taɓa yi mata kwaskwarima, mai yiwuwa tun kafin ta baro Turai. Amma iyakar abin da maye zai faɗa ke nan, labarin fatar waje.

Abin da ya sauya al'amarin ba gwaji ba ne, tsautsayi ne. Tayar baya ta hagu ta sace, aka ɗauko jak ɗin motar aka zura a raminsa da ke jikin dokin ƙofa. Ana cikin murzawa sai aka ji ƙurus, jan gari ya zubo ƙasa kamar cikin tafi biyu, bututun da jak ke shiga ya karkace sama. Da aka gwada ƙofar wannan ɓangaren tana kan jak, sai ta cije, ta ƙi buɗuwa sai da ƙarfi. Mota mai lafiyayyen ƙashi, ko an ɗaga kusurwa ɗaya, ƙofofinta na buɗuwa su rufu yadda suka saba.

Fabrairu 2024: rami, tocila da sukudireba

Mai saye ya nemi wani dattijon fanalbita a Kano wanda ya daɗe yana aikin tsofaffin Marsandi. Dattijon ya gindaya sharaɗi uku kafin ya taso: a kai motar kan rami, a wanke baƙin man nan tas a bari ta bushe, kuma babban magajin ya tsaya a wurin ya ba da izinin a soka ƙarfe duk inda ake shakka. Na ukun ne ya ɗauki lokaci, don ba mai son a huda masa kaya kafin a biya. Aka shawo kansa da cewa ƙarfe mai rai ba ya hujewa da dannawar hannu. Aka jawo motar zuwa wani gidan wanki mai rami a Haɗeja.

Kayan aikinsa ba su da yawa: tocila, ƙaramar guduma, sukudireba mai dakusasshen baki, da alli. Ya fara daga gaba, yana ƙwanƙwasawa taƙi-taƙi yana saurare. Inda ƙarfe ke da rai sautin na fita ƙal, inda ya mutu sai a ji bus. Duk inda ya ji bus sai ya danna sukudireba. In ya tsaya, sai ya zana da'ira, tsatsar sama ce. In ya lotsa ko ya shige, sai ya zana gicciye, yaronsa ya auna da tef, mai saye ya ɗauki hoto.

A ƙarƙashin irin waɗannan motoci akwai wani kauri mai kama da roba da kamfani ke shafawa don kare ƙarfe. Yana aiki muddin bai tsage ba. In ya tsage, ruwa ya shiga bayansa, sai ya zama shi ke riƙe ruwan. Dattijon ya sa farce a wata 'yar tsaga a ƙarƙashin ƙafar direba, ya ɓanɓaro shafi guda, bayansa duk ja, ƙarfen ya zama ɓawo-ɓawo. Daga waje wurin lafiya lau yake.

Dokin ƙofar hagu ya huje tsawon santimita 30 daga ramin jak na baya zuwa gaba. Na dama ya yi laushi a kusa da ramukan jak biyu amma bai huje ba. Daɓen ƙafar direba yana da rami mai faɗin tafin hannu, na fasinja ya yi ƙananan huji kamar rariya. Dogayen ƙarafan gaba da ke ɗauke da inji, da inda ƙafafun baya suka kama bodi, duk sun yi sauti mai kyau, da'ira kawai suka samu. Fayif ɗin birki ya yi tsatsar da dole a sauya shi.

But ne ya ba da mamaki. Da aka ɗage safaya, gindin raminta ya rube, gefe-gefensa kuma wani farin ɓawo ne ya daskare. Dattijon ya murza shi a yatsa ya dubi magajin ya ce, "Alhaji ƙarami, me kuke ajiyewa a nan?" Ashe shekara da shekaru but ɗin ne ma'ajin takin zamani, yuriya da kamfa, saboda yana da makulli kuma awaki ba sa kaiwa gare shi. Taki yana jan laima daga iska, sinadarin fotash da ke cikin kamfa kuma galibi ɗan'uwan gishiri ne. Tsatsa ba ta buƙatar komai sai ƙarfe da ruwa da iska, gishiri kuwa hanzarta ta yake yi. Motar ta sha gishirin da ake watsawa a titunan Jamus lokacin ƙanƙara, ta zo nan ta sha na taki.

Game da ƙurajen nan biyu na fenti, bayaninsa shi ne tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, ninki da yawa, shi ya sa take kumbura fenti, take kuma buɗe haɗin ƙarfe biyu. Aikinta irin na gara ne a azara: kafin ka ga alama a waje ta gama da ciki. Ya kankare ƙurjin fendar baya, mai faɗin santimita biyar, sai da ya kai santimita ashirin kafin ya iske farin ƙarfe.

Gwajin bokiti

Aka fito da motar daga rami, kowa ya ɗauka an gama. Dattijon ya ce a buɗe bonet, ya nufi can ƙarshen ɗakin inji, gindin gilashin gaba, inda fankar da ke hura iska cikin mota take a ƙarƙashin wani murfi. Nan ne sanannen raunin wannan samfurin. Iska tana shiga ta ragar da ke gindin gilashi, ruwan sama ma ta nan yake shiga, ya taru a wani kwarmi, ya fita ta magudanai zuwa ƙasa. In magudanan suka toshe, ruwan sai ya kwanta a kan katangar inji.

Da aka kwance murfin, abin da ke ciki ƙasa ce sosai, kaurin yatsa uku: ganyen darbejiya da ƙurar hunturu na shekaru, da tsummokaran sheƙar ɓera, duk sun dunƙule. A nan ne maganar "motar Arewa ba ta tsatsa" ta karye. Gaskiya ne iskarmu a bushe take fiye da rabin shekara, amma ruwanmu yana zuwa ne a tare, daga Yuni zuwa Satumba, kuma irin wannan taɓon in ya jiƙe a wurin da rana ba ta kaiwa, yana iya yin makonni bai bushe ba. Hancin motar da aka bari a wajen rumfa, ƙarƙashin bishiya, shi ya sha duka biyun.

Aka kwashe ƙasar, aka ɗage kafet da soson da ke ƙarƙashinsa a ɓangarorin biyu, aka kwarara bokitin ruwa a gindin gilashi. Kaɗan ne ya ɗiga ƙasa. Sauran ya biyo bayan dashbod ya zubo wurin ƙafar direba da na fasinja. Aka zura waya da fitilarta a kunne cikin kwarmin aka ɗauki bidiyo, aka ga haske yana ratsawa ta huji-huji a tsawon haɗin ƙarfen. Wato ruɓewar daɓen gaba ba aikin ambaliyar 2022 kaɗai ba ne, kowace damina ruwa na sauka a kansa daga sama.

Gyaran wannan wuri ba faci ba ne da ake yi daga waje. Sai an cire dashbod da sitiyari da akwatin iska da tarin wayoyi, sau da yawa har inji, kafin mai walda ya kai ga ƙarfen.

Maris 2024: ciniki ya watse

Dattijon ya raba aikin gida uku a takarda: na ado, wato fendoji da ƙasan ƙofa, na rufe ruwa, wato but da daɓe, da na ƙashi, wato dokin ƙofa biyu da katangar inji. Jimillar ƙiyasinsa, ban da fenti da gyaran inji, ta zarce kuɗin da magada suka sa wa motar. Fiye da rabin kuɗin kuma na gida na uku ne, wanda ba a ganinsa ko an gama.

Mai saye ya kai takardar da hotunan, ya taya ƙasa da rabi. Babban magajin ya ce albarka. A wurinsa motar mahaifinsa ce da inji ke tashi, kuma ya ji zafin hujin da aka yi mata. Dillali ya ce kafin alƙalami ya tafi, tunda mai saye ne ya janye. Magana ta kai gaban limamin garin, wanda ya ce aibin ɓoyayye ne, mai saye yana da zaɓi, kuma a mazhabar Malikiyya ba a cinye kuɗin da aka ba da don riƙe kaya in ciniki bai faɗa ba. Aka mayar masa, shi kuma ya ɗauki nauyin kuɗin jan mota da na wanki. Kafin ya tafi ya roƙe su abu biyu, su tura motar gaba ɗaya cikin rumfa, su kuma daina zuba taki a but. Sun yi.

Oktoba 2024 zuwa yanzu

Damina ta wuce ba a samu mai saye ba. Duk wanda ya zo sai ya ga zanen alli. Magada suka aiko, aka daidaita a kan kusan kashi biyu cikin biyar na kuɗin farko. Kafin ya biya ya sake kai ta rami aka gwada da hotunan Fabrairu, ramukan ba su ƙaru da wani abin kirki ba.

Don rage kuɗi ya fara ba wani mai waldar kabaid na kusa da shi facin daɓen fasinja. Bai yi ba. Ƙarfen bodi bai wuce kaurin milimita ɗaya da wani abu ba, harshen wutar gas yana dumama wuri mai faɗi, daɓen ya yi tudu da kwari, an kuma ɗora facin ne a kan ruɓaɓɓen ƙarfe maimakon a yanke shi. Aka ɗora motar a babbar mota zuwa Kano, inda ake da injin walda mai waya.

A can, kafin a yanka komai, sai da aka gicciya ƙarafa a bakin kowace ƙofa aka walde, don kada motar ta lanƙwashe a tsakiya in an cire dokin ƙofa. Aka yi ɓangare ɗaya aka gama kafin a taɓa ɗayan. Da aka yanke fatar waje ta dokin hagu, sai aka tarar da busasshen taɓon ambaliya cike da kogon, ƙarfen ciki ma ya tafi fiye da yadda guduma ta nuna. Na dama, wanda aka zaci faci zai ishe shi, shi ma sai da aka sauya rabinsa. Kuɗin wannan sashe ya haura ƙiyasi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Kayan inji ba su ba da wahala sosai ba, domin irin injin nan ne a Marsandi 280 E da 280 SE masu ƙofa huɗu, ana kuma dacewa da wasu kayansu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Ƙarafan bodin SL kuwa babu su a kasuwa. But da daɓe dattijon ya buga da hannu daga sabon falle, dokin ƙofa da na katangar inji sai oda daga Turai, da kuɗin waje. An gama ƙasa da but, an fesa kakin hana tsatsa cikin kogunan. Dashbod yana waje, aikin katanga bai ƙare ba, motar ba ta hau titi ba tukuna.

Abin da lamarin ya nuna

Dubawa biyu na farko sun gaza ne saboda sun tambayi abin da bai dace ba. Fenti da ƙarar inji da mayen ƙarfe duk suna ba da labarin abin da ake iya saya a sauya. A motar da bodinta ne shasinta, kuma ba ta da rufi, kuɗin yana kwance a wurare uku da ba a gani daga tsaye. Dubawar Fabrairu ta yi aiki saboda an wanke ƙasan, an samu izinin sokawa a gaban mai kaya, an kawo mai aikin bodi maimakon mai aikin inji, an kuma ƙirƙiri damina da bokiti a tsakiyar rani. Tambayar inda motar ta kwana da abin da aka ajiye a cikinta ma da an yi ta tun Disamba, da an san inda za a fara haskawa.

Duk da haka dubawar tana da iyaka. Guduma ba ta ga cikin dokin ƙofa ba. Akwai ƙaramar kyamara mai igiya da ake jonawa a waya a zura ta ramukan magudana, da an yi amfani da ita da an ga taɓon ambaliya kafin a biya. Wanda ba shi da ita, ya ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin uku a kan duk ƙiyasin da fanalbita ya ba shi na wurare masu kogo.

Sayen na Oktoba kuwa, ni dai ban gamsu da shi ba ta fuskar lissafi. Ragin da aka yi masa bai kai kuɗin katanga da dokin ƙofa ba, musamman da ƙarafan ke zuwa da kuɗin waje. Abin da ke kare shi shi ne ƙarafan gaba da mazaunin ƙafafun baya sun fita lafiya, injin na asali ne, rufin ƙarfen ma yana nan, kuma ya san girman ramin kafin ya sa ƙafa. Da sukudireba ya shige a ɗaya daga cikin waɗancan wuraren ma, da motar ta kayan gyara ce kawai, ko nawa aka sallama ta.